Mai tsaron bayanan 'yan sanda yana buƙatar ikon ce wa oga a'a

A kowace hukumar tsaro akwai wanda aka ɗora wa nauyin tabbatar da cewa ana bin ƙa'idojin kare bayanai, kuma ni dai wallahi ina jin ciwon yadda ake raina aikin nan, don ba a tunawa da mai yinsa sai ranar da abu ya lalace. Ku tuna fa abun da ke cikin kwamfutocin 'yan sanda, sunan wanda ya tsegunta maɓoyar 'yan fashi, adireshin shaida, bayanin yarinyar da aka ci wa zarafi, hoton yatsun mutane. Irin wannan in ya fita rai ake magana.

Abun da ya faru a Ireland ta Arewa a watan Agustan 2023 ya isa kowa ya shiga taitayinsa. Wani ne ya nemi bayani daga rundunar 'yan sandan can ta dokar 'yancin samun bayanai, aka tura masa fayil na Excel, ashe akwai ɓoyayyen shafi a ciki ɗauke da sunaye da muƙamai da wurin aikin ma'aikata kusan 10,000, ya hau intanet na 'yan awanni kafin a sauke, a ƙasar da wasu jami'an ko maƙwabtansu ba sa gaya wa aikin da suke yi saboda tsoron 'yan bindiga. A 2024 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci su tarar fam 750,000. Babu ɗan kutse ko ɗaya a maganar, rashin wanda zai sake duba fayil ne kawai kafin ya bar ofis.

A Amurka sun ɗau abun da zafi. Sashen CJIS, wato ɓangaren hukumar FBI mai kula da rumbun bayanan laifuka, yana da kundin ƙa'idoji da duk ofishin da ke son taɓa rumbun bayanansu sai ya bi, dole a naɗa jami'in da za a tuhuma kan tsaron bayanai, duk shekara 3 ana zuwa bincike, kuma ko ɗan kwangilar gyaran kwamfuta ne in zai shiga inda bayanan suke ba tare da rakiya ba sai an ɗau hoton yatsunsa an binciki tarihinsa. Daga Oktoban 2024 ma fasuwod kaɗai ta daina isa, sai an haɗa da mataki na biyu na tabbatar da ko wane ne mai shiga.

To rubuta ƙa'ida ba wuya, inda gizo ke saƙar shi ne muƙami. Aikin ɗamara aiki ne na bin umarni, sau da yawa kuma mai kula da bayanan ƙaramin jami'i ne, ta yaya zai kalli babba ya ce ranka ya daɗe ba za ka ba yaronka fasuwod ɗinka ba, ba za a turo maka takardar bincike ta WhatsApp ba, wannan filash ɗin ba zai shiga kwamfutar nan ba? In mutum biyar na shiga kwamfuta da akawun ɗaya, ranar da wani ya leƙa bayanan tsohuwar matarsa ko ya sayar wa mai laifi sirri ba yadda za a yi a gane ko wane ne.

Shi yasa nake ganin mai wannan aiki ya kamata rahotonsa ya tafi kai tsaye wurin shugaban hukuma, a ba shi a rubuce ikon rufe akawun ɗin duk wanda aka sauya wa wurin aiki ko aka sallama a ranar, a kuma ware masa lokacin zama ya karanta rajistar wa ya buɗe wane fayil da ƙarfe nawa, ko da sunan da zai gani a ciki na ogansa ne.