Inda na kai: ƙaramin batir ya hana Leaf motsi

'Yan'uwa masu koyon wayarin mota, har yanzu ina kan tsohuwar motar lantarkin nan, Nissan Leaf, da aka kawo garejin maigidana a Birnin Kebbi. Mai ita ya ce ya cika ta da caji, ya ajiye ta ya yi tafiya, da ya dawo ko ƙofa ta ƙi buɗuwa da rimot. Har ya fara tambayar kuɗin babban batir, wato wanda ke tafiyar da motar. Maigida ya ce in ɗauko mitar auna wuta tukuna.

Da ɗan makullin ƙarfe da ke ɓoye cikin rimot muka buɗe ƙofa, muka ɗaga bonet. Ƙaramin batir, irin na kowace mota, bai kai bolt 11 ba. Lafiyayye yana nuna kusan 12.6 in mota na kashe.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne yadda motar da ke ɗauke da wuta wajen bolt 360 a ƙarƙashinta za ta tsaya saboda wannan ɗan batir. Ashe babban batirin a katse yake yawancin lokacin da mota ke kashe. Akwai manyan makunnai a cikinsa da ke haɗa shi da sauran mota, kuma wutar ƙaramin ce ke kunna su, ita ce kuma ke tayar da kwamfuta. Ƙaramin shi ne mai gadin da ke riƙe da makullin rumbu. In ya mutu, giya ba ta fita daga P, sau da yawa ma caji ba ya shiga. Batun "a zo a tura" bai taso ba.

Mun jona wani batir: jar waya a kan mai alamar +, baƙa a ƙarfen jikin mota. Ba a buƙatar ƙarfi irin na kik, ɗan kaɗan ya isa. Alamar READY, mai nuna mota ta tashi, na kamawa mita ta haura 13. Wannan ya nuna na'urar DC-DC tana aiki, wato wadda ke sauko da wutar babban batir ta ciyar da ƙaramin, tunda babu altaneta, mai cajin batir a motar fetur, a nan.

Wayoyi masu launin ruwan lemo kuwa, masu ɗauke da wutar babban batir, maigida ya hana ni ko kusantar su. Ku ma don Allah ku bar su sai kun samu horo da safar hannun aikin. Kada kuma ku tayar da motar fetur da batirin motar lantarki, kik ɗinta na iya lalata DC-DC.

Ni a ganina zafin garin nan ne ya fara cinye ƙaramin batirin. A watan Afrilu muna wuce digiri 40, ruwan batir yana ƙafewa, sai kuma doguwar ajiya ta ƙarasa shi. Mun sa shi a caja ya kwana, bai riƙe ba, don haka an sayo sabo.

Saura in gano ko akwai abin da ke shan wuta a ɓoye, don na ga wata na'urar bin sawun mota da aka jona kai tsaye a kan batir. Gobe in Allah ya kai mu zan cire wayar kan batir mai alamar -, in sa mita a tsakani, in jira motar ta yi barci, wato kwamfutocinta su kashe kansu, in ga nawa take ja.