Safa iya gwiwa ba ta ishe ni ba

Ni malamar firamare ce, a tsaye nake wuni. Bara na fara ganin duhu-duhu in na daɗe a gaban allo, zuciya kuma sai dukan uku-uku. A gida aka ce ƙarancin jini ne, na ci zogale har na gaji. Da na je asibiti, likita ta kwantar da ni ta auna bugun zuciyata, 74 a minti. Ta ce in miƙe. Kafin minti goma ya kai 115, alhali awon hawan jinina bai sauka ba. Ta ce ƙarin bugu 30 ko fiye tare da wannan jiri shi ne ciwon da ake kira POTS a Turance.

Ashe duk wanda ya miƙe, jini kamar rabin lita ko fiye yakan gangara ya taru a ƙafafu da ciki. Wasu jijiyoyi a wuya da kusa da zuciya ne ke jin raguwar, su kai wa ƙwaƙwalwa rahoto, ita kuma ta sa hanyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara sauri, duk ba da sanin mutum ba. Nawa hanyoyin ne ke ƙwauron tsukewa, aikin ya koma kan zuciya.

Likita ta ce in nemi kayan matse jiki. Rowa ta sa na sayi safa iya gwiwa, na yi mako uku ina fama da ita, jiri na nan daram. Da na koma, dariya ta yi: "Malama, ai taron jinin a ciki yake." Wani bincike na Jami'ar Calgary ta Kanada a 2021 ma ya nuna matse ciki da cinyoyi ya fi matse ƙwauri kaɗai rage bugun.

Na koma doguwa mai kaiwa ƙugu, mai matsin 20 zuwa 30 mmHg (ma'aunin ƙarfin matsi ke nan). Goggo ta gani ta ce, "Yo wannan ai ɗaurin cikin mai jego ne!" Bugun ya dawo casa'in da wani abu, ina gama darasi ban dafa tebur ba.

Tun ina kwance nake zura ta, don in na riga na taka ƙasa jinin ya riga ya sauka. Da dare in cire. Na zaɓi wadda ta tsaya a idon sawu saboda alwala. Zafin Afrilu ne dai ya gagare ni, a lokacin ɗamarar ciki kawai nake ɗaurawa, ga gorar ruwa a gefen akwatin alli.