Ɗigon da ke ƙarƙashin harafin fa

Yau da hantsi na tsaya a Bauchi Road, nan Jos, wajen wani matashi mai rubuta allunan shaguna. Kalma ɗaya yake zanawa a allon wani mai shayi: lafiya. Ya sa boko a sama, ajami a ƙasa, sai ya ja alif ɗin ƙarshe na ajamin ya miƙe dogo har ya zama "l" ɗin farko na bokon. Layi ɗaya tal, amma inda ajami ya ƙare nan boko ya tashi. Ina cikin kallo na ga ya ɗiga wa harafin fa na ajamin ɗigo a ƙasa, irin na rubutun Warshu, ba a sama ba kamar na littattafan Larabawan gabas. Na ce, "Ƙanena, wa ya koya maka wannan?" Ya ce a tsangaya ya fara riƙe alƙalamin kara, fenti daga baya ya zo.

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Haka Baba, Allah ya jiƙansa, yake ɗiga fa a wasiƙun da yake aiko min ina makarantar kwana, ni kuwa in amsa masa da boko, sai an karanta masa. Tun 2007 da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira nake ganin kamar rubutun nan yana ja da baya a idon jama'a. Wasiƙun suna cikin akwati, kuma ko sau ɗaya ban taɓa amsa masa da rubutun da ya iya karantawa ba.