Babban yatsan ƙafa da ya ƙi lanƙwasawa

Abin da ke faruwa shi ne guringuntsin gaɓar gindin yatsan ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, har wani ƙullutu ya fito a sama. Shi ya sa ciwon ke tashi daidai lokacin da aka ɗaga diddige, ko a sujada da zaman tahiya.

A fara da takalmi. Silifas ɗin roba da muke yawo da su a Maradi su ne babbar matsala, don suna lanƙwashewa tare da yatsan a kowane taku. A nemi mai taurin ƙasa, mai faɗin gaba. In an riƙe shi da hannu biyu ya naɗe, a ajiye shi, bai dace ba. Mai gyaran takalma na iya ƙara masa taurin.

In gaɓar ta ɗau zafi, a naɗe ƙanƙara cikin tsumma, a ɗora minti 15. Ibuprofen na taimakawa, amma bayan cin abinci, ban da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda.

Don Allah kada a kai wa maɗori ya ja, ba targaɗe ba ne.

In kuwa cikin dare ɗaya ya kumbura ya yi jawur, a je asibiti a auna jini, wataƙila wani gishirin cikin jini da ake kira yurik ne ya taru a gaɓar.