Abin da na koya a sashen tiyata kafin in ajiye aiki

Ƙarshen watan nan zan bar sashen tiyata, ƙannena nas-nas sai tambaya suke wai Sista me kika koya. Gaskiya abu ɗaya ne ya danne sauran, duk naman da aka yanko daga jikin mutum komai ƙanƙantarsa a saka shi a kwalbar fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a kai lab a gwada.

Waɗanda muka yi aiki tare kun san oganmu, ba sai na kama suna ba. Wani dattijo manomi aka kawo da tsiro ja a ƙwauri, ya ce shekara da shekaru yana nan bai dame shi ba, sai kwanan nan ya fara girma yana jini in wando ya goge shi. Oga ya kalla ya ce tsiron banza ne, ya yanke ya ɗinke. Ni kuma har na rubuta lambar kati a jikin kwalba na miƙa, na ce Dokta ba za a kai a duba ba? A gaban Baban da ɗalibai ya ce Sista ke ce likitan ko ni, ko ke za ki biya masa kuɗin gwajin? Haka naman ya tafi shara. Kuɗin dai su Baban ba su da shi sosai, wannan gaskiya ne, amma ai ko tambayarsu ba a yi ba.

Bayan wasu watanni sai ga Baba ya dawo, wajen ɗinkin ya sake tsirowa, ga kaluluwa a matsematsi tauri kamar dutse. Wannan karon aka aika asibitin koyarwa, sakamako ya fito wai forokasinoma. Kansar fata ce da ke tasowa daga bututun da gumi ke bi ya fito, a 1963 wasu likitoci Pinkus da Mehregan suka fara bayaninta, kuma ba kasafai ake ganinta ba, likita sai ya yi ritaya bai ci karo da ita ba. Tsofaffi ta fi kamawa, ƙafa ta fi so, wani lokaci daga tsohon tsiro mara illa take rikiɗowa, sak irin labarin da Baba ya ba mu da bakinsa. Kusan 1 cikin 5 tana dawowa bayan an cire, kusan 1 cikin 5 tana kaiwa kaluluwa, in ta kai nan kuwa abin ya yi nisa. Da an san ita ce tun farko da an faɗaɗa yankan an kuma sa masa ido.

Abin da ya fi min ciwo wallahi, a mitin sai oga ya ce ai nas ce ba ta kawo kwalba ba, ni aka miƙa wa takardar tuhuma. Rajista ce ta cece ni, don ranar na rubuta cewa na nema an hana, da lokaci da sa hannu. Haƙuri bai ba ni ba har yau, ni ma ba jira nake ba.

Sauran abubuwan da na koya ba su da yawa. Ku riƙa laluba matsematsi da hammata, kar ido ya tsaya kan ciwon kawai. Ku zauna lafiya da ƴan lab. In babba ya daka miki tsawa a gaban mara lafiya ki yi shiru, amma a rajista ki sa sunansa cikakke.