Yadda na rage tumbi a Jidda da albashin direba

Shekara bakwai kenan ina tuki a wani gida anan Jidda, sawwag kamar yadda suke kiranmu, da safe in kai yara makaranta, da azahar in dauko su, da yamma in kai uwargida kasuwa ko gidan yan uwanta, sauran lokacin kuma duk zama ne, ko a cikin mota ko a dan dakina dake bakin kofar gidan. Sanda na sauka kasar nan nauyina kilo 68 ne, zuwa bara na kai 94. Kuma duk tsawon lokacin nan ba wanda ya taba cemin akwai matsala, sai ma yabo. In na kira gida ta bidiyo Inna sai tace "Masha Allah, kasa mai tsarki ta karbe ka", kannena suce Yaya ya zama cikakken Alhaji. Mu a wajenmu ai kiba alamar hutu ce, wanda yaje Saudiyya ya dawo a rame cewa za'ai ko wahala yasha ko ciwo yake boyewa.

Ni kadai nasan abinda nakeji a jikina. Sujada ta fara yimin nauyi, in na dago sai na dafa kasa da hannu biyu, gwiwa na ciwo, ga bacci bayan cin abinci kamar an doke ni. Abinda ya tsorata ni sosai wata umara ce da mukaje da abokai, a wajen sa'ayi. Safa da Marwa sau bakwai gaba daya wajen kilomita 3 ne, ga sanyin na'ura ga kasa a shafe, amma a zagaye na hudu sai da na jingina da bango ina haki, wani dattijo da ya haife ni yazo ya wuce ni da carbinsa a hannu. Satin na shiga mustausaf, wato karamin asibitin unguwarmu, nace a auna min suga, da safe kafin inci komai. Ya fito 117. Likitan dan Sudan ne, mutumin kirki, ya jawo takarda ya zana min layi uku, yace kasa da 100 lafiya lau, daga 100 zuwa 125 kana bakin kofa, in ya kai 126 kuma aka sake aunawa ya maimaita to ciwon suga ya shigo. Ya tambaye ni ko akwai mai shi a gidanmu. Baba, Allah ya jikansa, da shi ya rasu, kuma ni nake kaishi wankin ciwon kafa a Kano kafin in taho, har yau ina tuna warin dakin. Ban iya bashi amsa da baki ba, kai kawai na daga.

Abinda ya fada min daga baya shine ya bani karfin gwiwa. Yace ba sai na koma yadda nake ina saurayi ba, in na rage kashi 5 zuwa 7 cikin dari na nauyina na kuma rika motsa jiki, an yi babban bincike a Amurka aka ga hakan na rage hadarin kamuwa da ciwon da fiye da rabi. Na lissafa a kaina, wajen kilo biyar zuwa shida da rabi kenan. Nace to wannan kam dan Adam zai iya.

Matsalar itace kudi. Albashina kafin ya shigo an riga an raba shi, kudin makarantar yara, maganin Inna, adashin maidakina, ga bulo da nake tarawa kadan kadan, abinda nake barwa cikina baifi riyal 300 ba a wata. Dana shiga intanet ina neman yadda ake rage kiba duk abinda nake gani kifi mai tsada ne da wani burodi na musamman da garin da ake kadawa a sha da kudin shiga wajen motsa jiki, wallahi na kusa hakura a daren, don ni bazan taba kudin karatun yarana saboda tumbi ba.

Sai nayi abu daya da bai ci min ko halala, wato kwabon kasar nan, ba. Na dauki littafin da nake rubuta kudin mai, na juya bayansa, sati guda ina rubuta duk abinda ya shiga bakina. Da na zauna ranar Juma'a na karanta sai jikina yayi sanyi. Shayi kofi biyar wani lokacin shida a rana, kowanne da suga cokali uku. Lemon gwangwani biyu, daya da rana a mota daya da dare. Da safe tamis, faffadan burodinsu, guda cur da ful, dafaffen wakensu, an malala masa mai. In ina jiran yara a kofar makaranta in shiga bagala, wato kantin unguwa, in sayi biskit ko kek don kawai bakina ya motsa. Sannan da dare tiren kabsa, shinkafarsu da nama. Hukumar lafiya ta duniya cewa tayi sugan da mutum ke karawa kar ya wuce kashi 10 cikin dari na kalorin da yake ci a rana, in ma so samu ne kar ya wuce giram 25, wato karamin cokali shida. Gwangwanin kola guda daya yana dauke da wajen giram 35. Ni kuma a shayi kadai ina shan cokali goma sha biyar kafin azo maganar lemo. Kuma gwamnatin nan a 2017 ta dora harajin kashi 50 akan lemon gwangwani, kashi 100 akan masu kara kuzari din nan, ga harajin kaya da ya koma kashi 15 a 2020, wato da kudina mai tsada nake sayen abinda zai kwantar dani.

Toh daga nan na fara. Lemo na yanke shi gaba daya rana daya, na koma ruwa da zobo, karkade suke ce masa anan kuma yana da araha a wajen masu kayan kamshi, in dafa da citta da kanumfari ba suga in saka a firji. Shayi kuwa ban iya yankewa lokaci daya ba, daga cokali uku na dawo biyu, bayan sati biyu daya, yanzu rabi da dan na'ana'a. Kwanakin farko kaina yayi ta ciwo kuma raina na saurin baci, amma ya wuce. Kudin da ya ragu daga lemo da biskit shine ya koma kudin ganye, ban kara ko riyal daya akan 300 dina ba.

Wani Malam da muke sallah tare, haifaffen nan ne amma iyayensa daga Katsina suka zo, shi ya fara kaini halaga, babbar kasuwar kayan miya. Yace "kanina, kai da kake da mota a hannu me ya kaika sayen tumatir a bagala?" A can kwali ake sayarwa, sai mu hada kudi mu uku mu raba, tumatir, albasa, kabeji, kokwamba, karas, yalo. A wajen ne na gane rabin abinda nake kewa na gida yana nan da wani suna. Mulukiyya da Misrawa da Sudanawa suke rububi ashe lalo ne. Bamiya kubewa ce. Lubiya wake ne, dukhun kuma gero. Na tsaya rike da daurin lalo a hannu ina tuna Inna tana tsinke shi a tsakar gida, shekara da shekaru ina wuce shi ban sani ba. Kuka da daddawa da busasshiyar kubewa kuwa akwai wata Hajiya a unguwar yan uwanmu dake saidawa, kullin riyal kadan sai ya kaini sati biyu.

Wake da adas, wani dan kankanin dangin wake, sune suka rike ni. Suna da araha, basa lalacewa, kuma in kaci da safe har azahar bakajin yunwa saboda suna dadewa a ciki ba kamar farin burodi ba da zakaci yanzu anjima cikinka na kira. Ina jika wake da dare, da asuba in dora, in zuba albasa da tumatir da barkono da mai cokali daya, kuma da cokali nake aunawa yanzu ba tuttulawa daga jarka ba, tunda naji cewa babban cokali daya na mai yakai kalori 120 na daina wasa dashi. Ful ban barshi ba don shima dangin wake ne, cewa nake kar a zuba min mai, tamis kuma rabi nakeci in ajiye rabi. Kwai biyu dafaffe, zabadi, wato kindirmo, mara suga, hantar kaza in an samu, wani lokacin kananan kifi daga Bangala, kasuwar kifi, in na biya ta can. Shikenan abincin, babu wani abin mamaki a ciki.

Amma abinda yafi bani wuya ba wanda nake saye bane, wanda ake bani ne. Mutanen gidan da nake aiki suna da kirki, kusan kullum wajen sha daya na dare sai an kwankwasa min kofa da tire, kabsa ko mandi ko ragowar burost, shinkafa tsibi guda tana kyalli da mai. Mutumin da yake kirga riyal ya zaiyi ya kalli abincin kyauta yace a'a? Kuma mu an rene mu akan cewa maida hannun kyauta rashin tarbiyya ne, zubar da abinci kuma zunubi. Don haka da sai in zauna in share tiren tas in kwanta akai, ina ganin ai tattali nayi. Wannan tiren shine rabin tumbina. Na dade ina tunanin yadda zanyi ba tare da na bata ran kowa ba, daga karshe ga abinda na tsaya akai. Ina karba da hannu biyu inyi godiya kamar kullum. Sai in cire naman in bare fatar, in debi shinkafa cikin karamin kofin shayi daya, in yanka kokwamba da tumatir da ganyen jarjir su cika rabin faranti. In dare yayi nisa ma bana ci, sai in rufe in saka a firji nan take ya zama abincin rana gobe. Sauran kuma in kaiwa mai gadin ginin dake kusa damu da yaran dake wankin motoci, su da suke aikin karfi yini guda a tsaye, jikinsu na bukatarsa. Yanzu har sun san lokacin, ina fitowa da tire zaka ga sun taso. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito na raba ciki uku, kashi daya abinci, daya ruwa, daya numfashi, tun ina makarantar allo na sanshi, amma sai a gaban tiren kabsa na fara aiki dashi.

Tafiya kuma ban biya kowa ba. Aikin direba rabinsa jira ne, da in uwargida ta shiga kasuwa sai in kwantar da kujera in kunna waya, yanzu sai in kulle mota in shiga mol din in rika zagaye a cikin sanyi har ta kira ni. Zafin Jidda da gumi ba'a wasa dashi, da rana bazaka iya ba, don haka lokacin zafi bayan asuba ko bayan isha nake fita, in sanyi ya shigo kuma in an kai yara kurnish sai in bi bakin teku. Minti 150 a sati akace, wato rabin awa sau biyar, kuma masallacin da nake zuwa yanzu ba na kusa bane, na gaba dashi ne.

Azumi ne ya kusa maida ni baya, sambusa da lugaimat da jan lemo ta ko'ina ana mika maka. Na tsaya akan dabino uku da ruwa da shurba, sai bayan tarawi inci abinci. Dabino ma a kula, albarka ne amma zakinsa suga ne sosai, ba'a zama a cinye kwano. Kuma dan Allah duk wanda ya riga ya fara shan maganin suga ko na hawan jini kar ya canza cin abincinsa kai tsaye saboda ya karanta nawa, ya fara ganin likita, suga in ya fadi kasa shima hadari ne.

Wata goma kenan yanzu. Ina kilo 83, ba sauri nayi ba, akwai watan da ko rabin kilo ban rage ba har na fara karaya, akwai satin da aka yi biki a gidan na koma ruwa tsundum sannan na sake tashi. Awon da nayi na karshe suga ya fito 98. Likitan ya kalli takardar ya kalle ni ya mika min hannu. Na koma umara a watan jiya na gama sa'ayi ban jingina da komai ba, a kan Marwa na tsaya nayiwa Baba addu'a sosai.

Inna ce dai har yanzu hankalinta bai kwanta ba. Ranar da ta fara lura shiru tayi a waya, can tace "Kai, fada min gaskiya, basa baka abinci ne ko baka da lafiya?" Nace Inna lafiyata kalau, ciwon Baba nake gudu. Ta dade bata ce komai ba, ina jin karar tabarma tana gyara zama. Sai tace to me kake ci? Na juya wayar na nuna mata tukunyar miyar lalo akan risho da dan tuwon gero a gefe. Ta matso da fuskarta jikin wayar tana kallo, tace miyar tayi ruwa, in rika saka yar kanwa kadan kuma kar in rufe tukunyar. Jiya kanwata ta turo min sako wai Inna ta daka kuka da daddawa ta kulle a leda, tana jiran makwabcinmu da zai taho umara ya riko min.