Cutar da ke cikin gem

Yau da la'asar na je ɗauko ƙanina a shagon gem na unguwarmu nan Gusau, na tarar an ajiye wasa ana musu. The Last of Us suke bugawa, wanda a cikinsa wani naman gwari mai suna Cordyceps yake shiga kan mutane ya haukata su. Yana ganina ya ce, "Yaya, don Allah wannan cutar akwai ta da gaske?" Fuskarsa ba alamar wasa. Na ce masa sunan dai ba ƙirƙira ba ne, Cordyceps akwai shi a dazuzzukan ƙasashe masu zafi da damshi, amma ƙwari yake kamawa. Wani nau'insa kan shiga jikin tururuwa, ya sa ta hau tsiro ta ciji ganye ta mutu a maƙale, sannan ya tsiro ta kanta. Jikin ɗan Adam ya yi masa zafi. Kama mutane kuwa ƙarin gishirin masu gem ne, tun fitowar gem ɗin a 2013. Bai ji daɗin amsar ba ma, wai ya so a ce gaskiya ce don ya kayar da abokinsa.

A hanya na tambaye shi ko ya san gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, wajen daka dutsen zinare a cikin gidaje. Bai taɓa ji ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai, don laifin ba nasa ba ne, mu ne ba mu ba shi labarin ba.